Ragunan da aka sayar kafin awon ƙarshe

Wata ɗaliba da ke shirya kundin kammala karatunta a fannin kiwo ta same ni da la'asar a nan Tawa, riƙe da littafin da ta yi kusan wata uku tana rubuta nauyin raguna a cikinsa. Aikinta shi ne ta gwada abinci iri biyu na kiwon turke, ɗaya harawar wake da dusa, ɗayan kuma an ƙara masa niƙaƙƙun 'ya'yan gawo, domin ta ga wanne ya fi sa rago ƙiba. Ragunan ba nata ba ne, na matan wani ƙauye ne da suka yarda ta riƙa zuwa duk bayan mako biyu da sikelinta, ana sa rago cikin buhun da aka huda wa ƙafafu, a rataye shi a reshen bishiya, a jira ya daina harbi kafin a karanta allura. Awo shida ta tsara. Shafukan farko cike suke ba gurbi ko ɗaya, amma daga awo na huɗu guraben suka fara bayyana, zuwa na shida kuwa layin ya koma kamar bakin tsoho, domin Sallar Layya ta matso, dillalai sun shiga ƙauyen, kuma ba wanda zai ce wa mace ta ƙi kuɗin ragonta saboda kundin wata.

Ta ce: "Malam, na sa lissafin a kwamfuta, ta ce babu bambanci tsakanin abincin biyu. Ni kuwa da idona na ga bambanci, matan ma sun gani." Da na duba abin da manhajar lissafi ta SPSS ta fitar, sai na nuna mata wani ɗan layi da ba ta kula da shi ba, inda aka rubuta yawan dabbobin da suka shiga lissafi. Duk ragon da ya rasa awo ko da guda ɗaya, an zubar da shi gaba ɗaya tare da sauran awonsa masu kyau. Ta daɗe tana kallon adadin ba ta ce komai ba. Tun ranar nake son in rubuta wannan bayani, domin tambayar da ke ƙarƙashin matsalarta ta shafi duk mai auna abu ɗaya sau da yawa, ko hannun yaro ne da zaren awon tamowa, ko nonon saniyar Azawak, ko tsawon ganyen albasar Galmi: a cikin hanyoyin lissafin da muke da su, wacce ta fi iya gano bambanci idan da gaske yana nan?

Wannan iyawa ita ce masana ƙididdiga ke kira ƙarfin gwaji. Ma'anarta ita ce, da za a maimaita aikin sau ɗari alhali abincin biyu sun bambanta da gaske, sau nawa lissafin zai gano hakan. Jerzy Neyman da Egon Pearson ne suka kafa tunanin a rubuce-rubucensu na wajajen 1933, amma masu bincike sun daɗe ba su damu da shi ba, har Jacob Cohen ya bi maƙalun wata mujallar ilimin halayyar ɗan Adam a 1962 ya nuna cewa damar da suke da ita ta gano matsakaicin bambanci ba ta wuce rabi ba. Daga gare shi ne al'adar neman ƙarfi na kashi 80 cikin 100 ta yaɗu. A wurinmu batun ya fi tsanani, domin rago kuɗi ne, man babur zuwa ƙauye kuɗi ne, kuma ɗalibin da ya sami dabbobi talatin ya yi sa'a. Wanda samfurinsa kaɗan ne ba shi da ƙarfin da zai yi asara wajen zaɓen hanyar lissafi.

Amfanin maimaita awo a kan dabba ɗaya a fili yake. Raguna sun bambanta tun asali, wani Balami ne mai babban ƙashi, wani Uda ne, wani ya shigo turke da rama, kuma idan kowane rago ya zama abin kwatancen kansa, wannan bambancin na asali yana fita daga lissafi, abin da ya rage ya fi nuna aikin abincin. Sai dai lambobi 180 da aka samu daga raguna 30 ba shaidu 180 ba ne, shaidu 30 ne da aka yi wa kowannensu tambaya sau shida. Lissafin hakan mai sauƙi ne. Idan alaƙar da ke tsakanin kowane awo biyu na dabba ɗaya ta kai 0.7, a ma'aunin da 0 ke nufin babu alaƙa, 1 kuma cikakkiyar alaƙa, to ɗaukar matsakaicin awo biyu yana rage warwatsuwa, wato yadda lambobi ke nisa da juna, daga 1 zuwa 0.85, awo huɗu yana kai ta 0.775, kuma ko sau dubu aka auna ba za ta sauka ƙasa da 0.7 ba. Ninka yawan dabbobi kuwa yana raba warwatsuwar gida biyu kai tsaye. Saboda haka awo na biyu da na uku suna da riba, na takwas da na tara kuwa wahalar ɗaga rago ce kawai, sai fa in abin da ake son sani shi ne siffar girman, wato yaushe ya yi sauri kuma yaushe ya tsaya.

Akwai sharaɗin da nake ganin dole a fara da shi kafin a kwatanta ƙarfin hanyoyi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Hanya tana iya yawan cewa "akwai bambanci" don kawai saurin bakinta, tana faɗa ko yana nan ko ba ya nan. Mun yarda a yi irin wannan kuskure sau 5 cikin 100, kuma duk hanyar da ta wuce wannan iyaka ba ta cancanci shiga gasar ba, kamar yadda ba a gwada sikeli biyu alhali an san ɗaya yana ƙara kilo. Misali mafi kusa shi ne abin da ɗalibai da yawa ke yi, wato gwada ƙungiyoyin biyu a kowane awo daban, sannan a ɗauki makon da ya ba da sakamako a yi ta bayani a kansa. Da a ce gwaje-gwajen shida ba su da alaƙa da juna, damar a sami aƙalla ɗaya da ya nuna bambancin ƙarya za ta kai kusan kashi 26 cikin 100. Da yake suna da alaƙa ba ta kai haka ba, amma ta fi 5.

Hanyar da aka fi koyarwa, wadda kuma ɗalibar ta bi, ita ce ANOVA ta maimaita awo, lissafin da ke kwatanta matsakaicin ƙungiyoyi ta hanyar duba warwatsuwar lambobinsu. Idan sharuɗɗanta sun cika tana da ƙarfi ƙwarai, musamman a ƙaramin samfuri. Babban sharaɗin shi ne wanda muka koya da Faransanci da sunan siferisite, kuma abin da yake nufi shi ne, duk awo biyun da ka ɗauka ka cire ɗaya daga ɗaya, warwatsuwar wannan rata ta zama daidai, ko awon farko da na biyu ne, ko na farko da na shida. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san hakan ba ya faruwa ga abu mai girma. Nauyin rago na yau ya fi kama da na mako biyu da suka wuce fiye da na wata biyu da suka wuce, kuma raguna da suka fara kusan kai ɗaya suna ƙara nisa da juna yayin da kwanaki ke tafiya. Idan sharaɗin ya karye, ANOVA tana zama mai saurin baki, ta wuce kashi 5 ɗin da aka yarje mata. George Box ya nuna a 1954 yadda za a auna girman karyewar da wata lamba, efsilon, wadda take 1 idan komai daidai ne, kuma a awo shida ba ta sauka ƙasa da 0.2. Samuel Greenhouse da Seymour Geisser suka fito da gyara a 1959, Huynh da Feldt suka kawo nasu a 1976. Gyaran farko yakan yi tsanani fiye da kima idan karyewar kaɗan ce, ya ci ƙarfin gwaji, na biyu kuma yakan yi sassauci idan karyewar babba ce, shi ya sa littattafai da yawa ke cewa a bi na farko idan efsilon ta gaza 0.75, a bi na biyu idan ta wuce.

Manhajoji suna buga gwajin Mauchly na 1940 a sama don a duba sharaɗin, kuma wannan John Mauchly shi ne wanda ya haɗu da Presper Eckert suka ƙera ENIAC, ɗaya daga kwamfutocin lantarki na farko a Amurka. Ban cika dogara da gwajin nasa ba. A ƙaramin samfuri, inda muka fi bukatarsa, ba shi da ƙarfin ganin karyewar, sai ya yi shiru mai bincike ya ɗauka lafiya lau, a babban samfuri kuwa yana ɗaga murya a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Na fi son a ɗauka tun farko cewa sharaɗin ya karye a yi gyara.

MANOVA, 'yar'uwar ANOVA da ke ɗaukar duk awon dabba ɗaya a tare, ba ta neman wannan sharaɗi ko kaɗan, domin tana barin kowane awo da warwatsuwarsa, kowane biyu da alaƙarsu. Kuɗin da ake biya shi ne a awo shida sai ta ƙiyasta lambobi 21 daga cikin bayanan, kuma hakan yana cin ƙarfi idan dabbobi kaɗan ne. Abin da masu kwatanta hanyoyin suka daɗe da tabbatarwa shi ne babu wadda ke gaba kullum: idan karyewar babba ce kuma samfuri na da yawa MANOVA takan fi, idan samfuri kaɗan ne ANOVA mai gyara takan fi. Amma ita ma tana zubar da duk dabbar da ta rasa awo, don haka ba ta warware wa ɗalibar komai ba.

Hanyar da na fi so a dakata a kanta ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce na ga an fi rainawa. Sau da yawa tambayar ba ta siffar girma ba ce, tambayar ita ce wane abinci ya bar rago ya fi nauyi a ƙarshe. Lars Frison da Stuart Pocock sun kwatanta hanyoyi uku na amsa ta a 1992. Ana iya kwatanta nauyin ƙarshe kawai. Ana iya cire nauyin farko daga na ƙarshe a kwatanta ƙarin da aka samu, wanda shi ne masu kiwo suka saba da shi. Ana kuma iya kwatanta nauyin ƙarshe tare da sa nauyin farko cikin lissafi a matsayin abin daidaitawa, wato ANCOVA. Mu ɗauka ana son gano bambancin da ya kai rabin ma'aunin warwatsuwa da ƙarfi na kashi 80. Hanya ta farko tana bukatar dabbobi 64 a kowace ƙungiya. Idan alaƙar awon farko da na ƙarshe 0.8 ce, hanyar ƙari tana bukatar kimanin 26, ANCOVA kimanin 23. Idan alaƙar 0.5 ce, hanyar ƙari ba ta rage komai ba, 64 ɗin ne dai, ANCOVA kuwa 48. Idan alaƙar ta sauka zuwa 0.3, kamar yadda kan faru da abin da ke hawa da sauka daga yini zuwa yini, hanyar ƙari tana bukatar kusan 90, wato ta fi rashin awon farkon ma muni, alhali ANCOVA tana tsayawa wajen 58. Dalili shi ne cire awon farko gaba ɗaya yana shigo da kurakuransa cikin lissafi, ANCOVA kuwa tana cire gwargwadon abin da bayanan suka nuna ya dace a cire. Wannan fifiko yana tabbata ne idan da ƙuri'a aka raba dabbobin. Idan matan ne suka zaɓi ragon da za a ba sabon abinci, ko aka ba ramammu shi don tausayi, to matsalar ta wuce ta ƙarfi, ta zama ta son kai a cikin rabon, kuma babu lissafin da zai wanke ta sarai.

Abin da wannan ke nuna mini shi ne awon ranar farko ya fi kowane daraja, kuma ya cancanci a yi shi da natsuwa. A auna da sassafe kafin a ba dabba ruwa da abinci, domin cikin rago kaɗai yana iya motsa allurar sikeli, a yi da sikeli ɗaya har ƙarshen aiki, in da hali a auna kwana biyu a jere a ɗauki matsakaici. Duk kuskuren da aka rage a nan yana ɗaga alaƙar, alaƙar kuma tana rage yawan dabbobin da ake bukata, ba tare da an sayi ko tunkiya ɗaya ba.

Sai batun gurabe, wanda a ƙasarmu ba hatsari ba ne, yanayin aiki ne. Maza suna tafiya cin rani, makiyaya suna hawa arewa da damina su sauko da kaka, uwa ba ta kawo yaro awo ranar da ake shuka, rago kuma ana sayar da shi. Mu ɗauka bayan awon farko akwai biyar, kuma a kowanne dabba tana da damar ɗaya cikin goma ta kuskure shi ba tare da wani dalili na musamman ba. Kashi 90 cikin 100 na lambobin suna hannu, amma dabbobin da suka cika duka biyar kashi 59 ne kacal, kuma da su kaɗai ANOVA da MANOVA za su yi aiki. Ga ɗalibar lamarin ya fi haka ciwo, domin ba kowane rago dillali ke taya wa ba, mai ƙiba yake nema. Idan sabon abincin yana aiki, ragunansa ne za su fara barin turke, sai a bar masu jinkirin girma su wakilce shi a awon ƙarshe. Nasarar abincin ce da kanta ta share shaidarta daga littafin.

A nan ne tsarin gauraye yake da amfani, wanda Nan Laird da James Ware suka shimfiɗa don irin waɗannan bayanai a 1982. Yana ba kowane rago layin girmansa a kewayen layin ƙungiyarsa, kuma yana amfani da duk awon da aka samu, ko uku ne ko shida, ko an yi shi a ranar da aka tsara ko an makara da kwana huɗu. Bisa rabe-raben da Donald Rubin ya yi a 1976, idan dalilin ɓacewar ya rataya ne a kan abin da aka riga aka rubuta, kamar ragon da aka sayar saboda nauyin da littafi ya nuna, sakamakon tsarin yana nan daidai muddin an gina shi da kyau. Idan kuwa dalilin ya rataya a kan abin da ba a gani ba, kamar ragon da ya kamu da ciwo bayan awo na uku aka yanka shi kafin na huɗu, babu hanyar da za ta gyara wannan ita kaɗai, sai dai a faɗe shi a fili, a gwada yadda sakamako zai canza a ƙarƙashin zato daban-daban. Dabarar cike gurbi da awon da ya gabata, wadda wasu ke yi da hannu, tana mayar da rago mai girma kamar ya tsaya cik ranar da aka sayar da shi, kuma ban ga dalilin yin ta ba.

Tsarin gauraye ba kyauta ba ne. Sai mai bincike ya zaɓi siffar alaƙar da ke tsakanin awo, ko daidai take ko'ina, ko tana raguwa da nisan lokaci, kamar 0.9 tsakanin maƙwabta da ke komawa 0.59 tsakanin na farko da na shida, ko a bar ta sake da lambobinta 21. Zaɓi mai sauƙi fiye da gaskiya yana ba da ƙarfin da ba na halal ba, mai sarƙaƙiya fiye da bukata kuma yana cin ƙarfin. A ƙaramin samfuri shi ma yakan yi saurin baki in ba a sa masa gyaran Kenward da Roger na 1997 ba, wanda ke cikin manhajojin SAS da Stata da R. Haka nan raguna uku na gida ɗaya suna cin hannun mace ɗaya, don haka gida ma sai ya shiga tsarin. Hanyar GEE ta Liang da Zeger ta 1986, wadda ke kwatanta matsakaicin ƙungiyoyi ba tare da ba kowane rago layinsa ba, tana da kyau idan dabbobi ko mutane suna da yawa, amma da talatin tana nuna kuskurenta ƙasa da yadda yake, kuma a siffarta ta asali ba ta jure ɓacewar da ta rataya a kan nauyi, saboda haka na ajiye ta gefe a wannan aiki.

Wanda ke son sanin hanyar da ta dace da nasa aikin yana iya gwadawa kafin ya taɓa sikeli, ba a fafe gora ranar tafiya. Manhajar G*Power, mai lissafa ƙarfin gwaji, kyauta ce kuma ta isa ga tsari mai sauƙi, amma ba ta san Sallar Layya ba. A R ana iya ƙirƙirar raguna na kwaikwayo sau dubu, a ba su irin alaƙa da irin ɓacewar da ake tsammani, a bi da su ta kowace hanya, da farko ba tare da bambanci ba don a ga wadda ta wuce kashi 5, sannan da bambanci don a ga wadda ta fi ganowa. Hanyar da aka zaɓa a rubuta ta a takarda tun kafin a ga sakamako. Lambar nan da wasu manhajoji ke bugawa bayan an gama, wai ƙarfin da aka gani, ba ta ƙara komai a kan abin da gwajin ya riga ya faɗa, kamar yadda Hoenig da Heisey suka bayyana a 2001. Gara a ba da tazarar amincewa, mai karatu ya ga mafi ƙanƙanta da mafi girman bambancin da bayanan suka yarda da shi.

Ni da ɗalibar mun sake shigar da lambobin, kowane awo a layinsa, muka dawo da ragunan da aka zubar, muka gina tsarin gauraye da nauyin farko a ciki. Na roƙe ta ta rubuta a kundin cewa ba ita ce hanyar da ta fara bi ba, ta kuma bayyana dalilin canjin, ta sa jadawalin da ke nuna raguna nawa suka fita daga kowace ƙungiya da kuma lokacin fitarsu. Da ta koma ƙauyen tambayar dalilin kowane gurbi, wata dattijuwa ta ce mata: "Ɗiyata, da kin gaya muna, ai da mun kira ki kin auna shi kafin a kai shi kasuwa." Ƙanen ajinta da zai ci gaba da aikin bana ya ƙara layi biyu a littafinsa, ɗaya na ranar fita ɗaya na dalili, ya bar sikeli a hannun wani matashi a ƙauyen, ya kuma ja ranar farawa baya da mako uku domin awo na shida ya riga dillalai isowa.